Ko akwai ruwa a duniyar Mars?

In kun ɗaga kai sama da dare, wani lokaci za ku ga wani tauraro ja-ja wanda ba ya ƙyafta haske. Wannan wata duniya ce, maƙwabciyarmu. Turawa na ce mata Mars. Ita ma tana kewaya rana kamar tamu. Duniyarmu ce ta uku daga rana, Mars ta huɗu. Shekararta kwana 687 ce. Tsatsar ƙarfe da ke cikin ƙasarta ita ta sa ta yi ja.

To, akwai ruwa can? Tambayar tana da nauyi, don duk mai rai da muka sani da ruwa yake rayuwa.

Ba mutumin da ya taɓa zuwa can. Na'urori ake aikawa. A 1971 wata na'urar Amurka, Mariner 9, ta isa Mars. Hotunan da ta aiko sun nuna dogayen kwaruruka busassu, masu rassa. Duk wanda ya san Dallol Mauri ko Gulbin Kaba ya san irin wannan alama: ko ba ruwa a ido, kwari ya nuna ruwa ya taɓa bi ta nan.

A 2008 wata na'ura, Phoenix, ta sauka wajen arewacin Mars. Ta tona ƙasa kaɗan, sai ga wani abu fari. Bayan ƴan kwanaki, gutsattsarinsa suka ɓace. Gishiri ba ya ɓacewa haka. Da aka ɗumama ƙasar cikin na'urar, aka tabbatar ƙanƙara ce.

A 2012 wata motar bincike, Curiosity, ta tarar da tsakuwa mulmulallu, masu sulɓi. Kun san tsakuwar kori. Ruwa mai gudu ne ke gangara ta har kaifinta ya tafi. Masana suka ce rafi ya yi gudu a wurin. Lissafinsu ya nuna Mars ta yi koguna da tafkuna, yau fiye da shekara miliyar 3.

Ina ruwan ya tafi? A da, iska mai kauri ta lulluɓe Mars kamar bargo. Sannu a hankali iskar ta tsere sama. Wadda ta rage ba ta kai kashi 1 cikin 100 na nauyin tamu ba. Sanyi ya yi tsanani. Yanzu in an zuba ruwa a fili, ko ya daskare, ko ya zama tururi. Wani ruwan ya tsere, wani ya shige cikin duwatsu, wani ya daskare a ƙarƙashin ƙasa da can ƙarshen arewa da kudu.

Ke nan Mars tana da ruwa, amma daskararre. Har yau ba a samu mai rai a cikinta ba.

Tambayoyi
1. Me ya sa Mars ta yi ja?
2. Me tsakuwa mulmulalla ke nunawa?
3. A karkararku, wane kwari ne tsofaffi ke cewa ya yi ruwa a da?