Labari da Isnadinsa

Malaman Hadisi ba su karɓar magana sai sun binciki isnadinta, watau wa ya faɗa, kuma daga bakin wa ya ji. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati ma ta yi umurni da tantance labari kafin a yi aiki da shi.

To, a dubi Karaye da Rogo. A 2019 Gwamna Ganduje ya ƙirƙiro sababbin masarautu huɗu, har da Karaye. A watan Mayun 2024 aka rushe su, a Yuli kuma aka maido da Karaye a daraja ta biyu, ta ƙunshi Karaye da Rogo. Abin da talabijin ta fi haskawa shi ne 'yan sanda a ƙofar fadar Kano da matasa masu ihu, domin hayaniya ke tara 'yan kallo. Matsayin Karaye a ƙasar Kano tun kafin jihadi kuwa, da wuya a ji shi.

Yaron da ya kalli wannan, da me zai auna? Wajen 2009 aka cire darasin Tarihi daga firamare, sai a 2022 aka yi shelar maido da shi. Wanda ya shiga aji ɗaya a lokacin, yau ya haura shekara ashirin, yana kuma muhawara a majalisa kan sarautar garinsu da abin da ya tsinta a akwatin talabijin.