Doka, Unguwar da Jirgin Ƙasa ya Tara

Kano tana da ganuwa, Zariya tana da ganuwa, Katsina ma haka. Kowane ɗayansu ya yi ɗaruruwan shekaru a duniya. Kaduna kuwa ba ta taɓa yin ganuwa ba. Yarinya ce cikin garuruwan Arewa, gama shekarunta ba su wuce ɗari da 'yan kai ba. Tsakiyar garin, arewa da kogi, wajen da babbar kasuwa ta ke, shi a ke kira Doka. A nan ne ofishin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa ya ke, a Magajin Gari. Cikin wannan darasi za mu ga yadda unguwar ta kafu, da irin mutanen da suka zauna cikinta, da abin da ya riƙe su tare.

Kafin gari ya kafu

A dā wurin nan daji ne mai yawan itatuwan doka. Akwai ƙauyukan Gwari, watau Gbagyi, nan da can, suna noman dawa da doya. Filani kuma suna ratsawa da shanunsu. Ƙasar tana ƙarƙashin Sarkin Zazzau. Kogin yana da kadoji da yawa, jam'in kada kuwa a tsohuwar Hausa shi ne kadduna. Galibi an ce daga nan sunan Kaduna ya fito. Kogin nan yana gangarawa kudu maso yamma, ya ratsa ƙasar Nufe, ya faɗa Kwara.

Hanya biyu daga bakin teku

Kaduna tana nesa da teku, tsakaninta da Ikko ya fi mil 500. Duk da haka teku tana da hannu cikin kafa ta. Turawa suna bukatar gyaɗa da auduga da fatu, suna so a kai su bakin ruwa a zuba a jirgi zuwa Ingila. Jaki da raƙumi ba za su iya wannan ɗauka ba. Saboda haka cikin 1907 aka fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Baro, a bakin Kwara. Hanyar ta ƙetare Kogin Kaduna bisa gada, ta isa Kano cikin 1911. Wata hanyar kuma ta taso daga Ikko, watau Legas, ta haɗu da ita a Minna.

Cikin 1927 hanya ta biyu ta iso daga Fatakwal, ta bi ta Inugu da Makurɗi da Kafanchan. Ka ga Kaduna ta zama mahaɗar hanyoyin manyan tashoshin teku biyu na Nijeriya. Jirgi ya gangara da gyaɗa, ya hauro da gishiri da kananzir da atamfa da kwanon rufi. Ba kaya kaɗai ya ke kawowa ba, har da mutane.

Gwamna Lugga ya zaɓi wuri

Tun 1902 Zungeru ce mazaunin Gwamnan Arewa. Amma wurin yana da zafi, ga sauro, ga shi can gefe guda. Gwamna Lugga ya nemi wani wuri, ya zaɓi inda jirgi ya ƙetare Kogin Kaduna. Dalilansa ga su: akwai ruwan sha rani da damina, akwai jirgi, akwai fili wadatacce, kuma ba birnin wani babban sarki kusa. Soja suka fara sauka wajen 1913. Cikin 1917 ofisoshin gwamnati suka ƙaura daga Zungeru. Har wata 'yar gadar ƙarfe ta ƙafa da Lugga ya yi a Zungeru, an kwance ta cikin 1954, aka kawo ta Kaduna, aka kafa ta a lambun bakin kogi da a ke kira Gamji.

Yadda aka yanka unguwa

Turawa suka ɗebi wuri mai iska suka yi gidajensu, kowane gida da fili babba. Dokarsu ta zamanin nan ta ce a bar sarari na yadi 440, watau rubu'in mil, tsakanin unguwarsu da ta 'yan ƙasa, ba a gini cikinsa. Sa'an nan aka auna wani fili kusa da hanyar jirgi, aka ja tituna miƙaƙƙu suna giciye juna, aka yanka filaye daidai wa daida, aka ba wa masu zuwa. Wannan wuri shi ne asalin Doka. Shi ya sa ba ka ganin lunguna masu kwana-kwana irin na cikin birnin Kano ko Zariya.

A nan akwai abin lura. A Kano, 'yan gari suna cikin ganuwa, baƙi daga Kudu suna Sabon Gari. A Kaduna ba tsohon birni, don haka kowa baƙo ne. Bahaushe mahauci, da Banufe maƙeri, da Bayarabe tela, da Ibo mai gyaran jirgi, da Babarbare tsohon soja, da akawu daga Saliyo ko Gwalkwas, wadda a ke kira Gana yanzu, duk suka sauka wuri guda. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. To, raɓar Doka ba ta tashi da hantsi ba, ta zauna, ta haifi 'ya'ya da jikoki.

Abin da tituna ke faɗi

Wanda ya bi titunan Doka yana karanta alluna zai ga Nijeriya duka a gabansa. Sunayen da Turanci a ke rubuta su. In ka ga Kano Road, Titin Kano ke nan. In ka ga Lagos Street, Titin Ikko ke nan. Akwai Titin Katsina, da na Bida, da na Jos, da na Maiduguri, da na Kwantagora. Akwai na Badun, da na Abekuta, da na Binin, da na Warri. Akwai ma Titin Yarabawa. Babban titin da ya ratsa unguwar yana ɗauke da sunan Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, wanda ya zama Firimiyan Jihar Arewa cikin 1954. Babbar kasuwa kuwa an sa mata sunan Shaihu Abubakar Gumi, wanda ya rasu cikin 1992. Gefen kogi akwai Kabala Costain, wadda ta sami sunanta daga wani kamfanin gine-gine na Ingila.

Zaman gidan haya

Irin gidan da ya yi yawa a tsohuwar Doka shi ne gidan haya. Ɗakuna jere, hagu da dama, tsakar gida ɗaya, rijiya ko famfo ɗaya, kanti a ƙofar gida. Mai gida yana ciki da iyalinsa, ya ba da sauran ɗakuna haya wata wata. Sau da yawa kabila uku ko huɗu suna cikin gida guda. Da Hausa su ke magana da juna, ko da ba Bahaushe cikinsu. Ran Salla a kai wa maƙwabci tuwo da nama, ran Kirsimati shi ma ya aiko da shinkafa. Masallacin Titin Kano da manyan majami'un St. Michael da St. Joseph duk suna cikin tsakiyar garin nan, ana iya zagaya su da ƙafa.

Ba a rasa saɓani, gama zo mu zauna, zo mu saɓa. A kan yi faɗa a kan layin famfo, ko sharar tsakar gida, ko kuɗin haya. Amma mai gida ko mai unguwa ya kan raba, gari ya waye kowa ya tafi nema.

Gari ya bunƙasa

Cikin 1956 aka cire Kaduna daga ƙarƙashin En'e ta Zariya, aka mai da ita yankin babban birnin Jihar Arewa. Cikin 1957 aka buɗe masaƙa ta fari a Kakuri, kudu da kogi, waɗansu suka biyo baya, dubban ma'aikata suka kwararo. Da aka raba jihohi cikin 1967 Kaduna ta zama hedkwatar Jihar Tsakiyar Arewa, wadda aka sake wa suna Jihar Kaduna cikin 1976. Sababbin unguwanni suka yi ta tsirowa, suka kewaye Doka. Sannu a hankali kantuna da ofisoshi suka cinye gidajen kwana da yawa a cikinta. Bayan shekara ta 2000 yawancin masaƙun nan suka rufe, samari da yawa suka rasa aiki. Cikin 2018 aka buɗe tashar kaya ta kan tudu a Kakuri, domin ɗan kasuwa ya biya kwastan ya karɓi kayan da suka zo ta teku ba tare da ya je Ikko ba.

Kwanakin wahala

Zaman nan na tare ya sha jarraba. Cikin 1966 aka yi tashin hankali a Arewa, Ibo da yawa suka rasa rayukansu, saura suka gudu, suka bar ɗakuna da kantuna. Bayan yaƙin basasa ya ƙare cikin 1970 da yawansu suka komo. Cikin Fabrairu da Mayu na shekara ta 2000 aka yi rikici a kan maganar shari'a, mutum fiye da 1,000 suka mutu a Kaduna. Cikin Nuwamba 2002 aka sake wani, fiye da 200 suka mutu.

Daga nan tsoro ya raba mazauni. Kirista da yawa suka ƙetare kogi zuwa Sabon Tasha da Narayi da Barnawa. Musulmi da yawa suka komo Tudun Wada da Rigasa da Kawo. Kogin da aka zaɓi wurin dominsa ya zama iyaka. Hasarar ba kaɗan ba ce. Mai gida ya rasa ɗan haya na shekara ashirin. Mai kanti ya rasa wanda ya ke ba bashi ba takarda. Ma'aikaci yana biyan mota ya ƙetare gada safe da yamma. Yara kuma suna tashi ba su san ɗan wata kabila ba sai a labari.

Akwai waɗanda suka tashi gyara. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye dā abokan gaba ne. Cikin rikicin 1992 Fasto ya rasa hannu, Imam ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. Cikin 1995 suka shirya, suka shiga aikin sulhu tare. Cikin Agusta 2002 shugabannin addini 22, Musulmi da Kirista, suka sa hannu a takardar zaman lafiya ta Kaduna. Rikicin Nuwamba ya zo wata uku bayan haka. Wannan ya nuna takarda kaɗai ba ta isa, sai maƙwabci ya tsare maƙwabcinsa.

Doka ita ce wurin da har yanzu kowa ke haɗuwa. Da safe mutanen kudu da na arewa suna shigowa kasuwa, su yi ciniki da Hausa, da yamma kowa ya nufi gida. Mutanen da suka iya cin kasuwa ɗaya da rana, kakanninsu sun kwana gida ɗaya da dare.

Tambayoyi

1. Me ya sa Gwamna Lugga ya bar Zungeru?
2. Waɗanne tashoshin teku biyu ne hanyoyinsu suka haɗu a Kaduna?
3. Ina bambancin Doka da Sabon Garin Kano?
4. Rubuta sunayen tituna biyar na Doka.
5. Wace hasara aka yi da mutane suka raba mazauni?
6. Kabila nawa ne a titinku? Yaushe rabonka da gaida kowannensu?