Roka ta Takarda ga Yaran Bande

Iyaye da malaman Bande, ku bar yara su ƙera roka da hannunsu. Ku naɗe tsohuwar takarda a jikin bututun bik da aka zare wa tawada, ku liƙe gefenta, ku toshe kan takardar sosai, ku manna ƙananan fikafikai uku a gindi. Yaro ya hura bututun da ƙarfi: iskar da ta rasa mafita ita ke cilla rokar.

Wani zai ce ɓata lokaci ne, ga karatu na jira. Amma yaron da rokarsa ta ƙi tashi, ya nemo inda iska ke zurarewa ya toshe, ya fara kimiyya ke nan, kuma ba a kashe ko dala ba. Batun haɗarin rokar ga ido kuwa gaskiya ne: a harba sama, a fili, ba wajen fuskar kowa ba.