Hanyar Alaska da Motoci Masu Ɗaki

A ƙasashen Amurka da Kanada akwai wata irin mota wadda ake kira mota mai ɗaki. A cikinta akwai gado, da murhu, da tankin ruwa, har da makewayi. Idan lokacin hutu ya zo, sai maigida ya kwashi iyalinsa su tafi yawon buɗe ido. Inda dare ya yi musu, nan ne masaukinsu.

Wata hanya da masu irin wannan mota suke sha'awar bi ita ce Hanyar Alaska. Ta tashi daga garin Dawson Creek a Kanada, ta ƙare a Delta Junction cikin Alaska. Tsawonta ya kusa mil 1,400. Sojojin Amurka ne suka share ta a shekarar 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, cikin wata 8 kawai. A 1948 aka buɗe ta ga jama'a. A da tsakuwa ce, daga baya aka shimfiɗa mata kwalta. Amma har yanzu wani sashe nata ba ya rabuwa da lalacewa, musamman tsakanin Destruction Bay da iyakar Alaska.

Me ya kawo haka? Ku saurara ku ji. Ƙasar can tana da tsananin sanyi, har a wasu wurare ƙasan da ke ƙarƙashi a daskare yake da ƙanƙara shekara da shekaru. Ciyawa da gansakuka su ne bargon da ya rufe shi. Da aka share su aka zuba kwalta, sai baƙin kwalta ya riƙa shan zafin rana. Zafin ya ratsa ƙasa, ƙanƙara ta narke, hanya ta lotsa. In sanyi ya dawo, ruwan ya sake daskarewa, ya kumbura, ya ɗaga kwalta. Ta haka hanya take zama tudu da kwari, ga tsaga, ga ramuka.

To, mota mai ɗaki doguwa ce, ga nauyi, ga kaya. Idan direba ya faɗa wa irin wannan wuri da gudu, sai mota ta yi tsalle. Kwanoni su zube, taya ta fashe, wani lokaci ma sifirin ya karye. Inda ake gyaran hanya kuwa, tsakuwa takan yi tsalle ta fasa gilashin gaba. Abin tsoro shi ne garuruwan suna nesa da juna. Wanda motarsa ta lalace a daji zai daɗe bai ga makanike ba, ga yara, ga sanyin dare. Hutu ya koma wahala, kuɗin guzuri ya tafi wajen gyara.

Ma'aikatan hanya ba su zauna ba. Kowace shekara suna gyara, amma kwanakin zafi kaɗan ne a ƙasar. Saboda haka sukan kafa 'yan tutoci a bakin hanya inda ta ɓaci, don direba ya gani ya rage gudu. Matafiyi mai hankali yakan ɗauki safayar taya, ya cika tanki duk inda ya sami mai, ya ɗaure kayansa tamau. Ba ya gaggawa, don ya san sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Tambayoyi

1. Mene ne mota mai ɗaki?
2. Su wa suka share Hanyar Alaska, kuma a wace shekara?
3. Yaya kwalta take sa ƙanƙara ta narke?
4. Me ya sa lalacewar mota a wannan hanya take da hatsari?
5. Faɗi abu 3 da matafiyi mai hankali yakan yi.