Fatar Tumbi a Hanyar Abinci

Duk wanda ya taɓa feɗe rago ya ga hanya biyu a wuyansa. Ɗaya mai guringuntsi, ita ce ta numfashi. Ɗayar kuwa mai laushi ce, tana bayanta, ita ce ta abinci. Mu ma haka muke. Tsawon tamu wajen inci 10 ne, daga maƙogwaro zuwa tumbi.

Cikin tumbi akwai wani ruwa mai tsami ƙwarai, mai narkar da abinci. Fatar tumbi tana da yauƙi mai kare ta, ruwan ba ya cinta. Fatar hanyar abinci kuwa ba ta jure shi.

To, akan haifi wani da 'yar fatar tumbi a can saman hanyar abinci, kusa da maƙogwaro. Sau da yawa faɗinta bai kai na kwabo ba. Yawancin masu ita har su tsufa ba su sani ba. Amma wani tasa takan fid da ruwan tsami, ya riƙa jin kamar abu ya tokare masa wuya, ko murya ta dushe. Wannan ba sammu ba ne, ba a kuma ɗaukarsa a akushi.

Akwai iri na biyu, shi ne ya fi damunmu. Mun san ƙwannafi. Ruwan tumbi ne ke hawowa yana ƙona hanyar abinci. In an shekara da shekaru a haka, sai fatar ƙasan hanyar ta sāke, ta zama shigen ta tumbi ko ta hanji. Ana kiran wannan da sunan wani likitan Landan, Barrett, wanda ya yi rubutu a kansa a 1950. Kaɗan daga cikin masu shi yakan zamar musu ciwon daji.

Da yawanmu kanwa muke jiƙawa mu sha. Zafin yakan lafa, amma gobe ya dawo. Gara a rage taba da abinci mai maiƙo, kada kuma a kwanta da gama cin tuwon dare, a bari kamar awa 3.

In loma tana tsayawa a ƙirji, ko mutum yana rama, ko aman jini, ko baƙin kashi, a tafi babban asibiti ba jinkiri. Likita zai zura wata siririyar roba mai fitila ta baki, ya duba da idonsa.