Darasi na Goma Sha Biyu: Faɗaɗa Sana'ar Gidan Abinci

Sayar da abinci tsohuwar sana'a ce a Nijeriya. A kowace tasha ko kasuwa akan ga mai tuwo ko mai shinkafa da wake a ƙarƙashin rumfa. Wasu sukan tsufa a rumfa ɗaya, wasu kuwa sukan bunƙasa har su mallaki rassa a garuruwa da yawa. Alal misali, Bose Ayeni ta buɗe gidan abinci na Tantalizers a unguwar Festac ta Legas a shekarar 1997, da shago ɗaya tak. A shekarar 2008 kamfanin ya shiga kasuwar hannun jari.

Matakin farko na bunƙasa shi ne raba uwar kuɗi da riba. Mai sana'a ya rubuta abin da ya kashe wajen cefane, gas, haya da albashi, ya kuma rubuta cinikin kowace rana. Wanda yake cin uwar kuɗi yana zaton riba ce, ba zai daɗe ba zai karye.

Mataki na biyu shi ne auna girki. Mutane suna komawa gidan abinci ne saboda ɗanɗanon da suka saba da shi. To, mai gida ba zai tsaya a kan tukunya biyu a unguwa biyu a lokaci guda ba. Saboda haka dole ne a san mudu nawa na shinkafa ake zubawa, da ludayi nawa na manja, da yawan gishiri da barkono. A rubuta wannan, a koya wa masu girki, har abincin ya zama ɗaya ko mai gida yana nan ko ba ya nan.

Sai bayan haka ake tunanin reshe na biyu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Sabon reshe yana bukatar kuɗin haya, wanda a birane akan biya na shekara guda tun farko, da janareta, da firji, da ma'aikata. Yakan ɗauki watanni kafin ya fara kawo riba. Idan aka yi gaggawa, sabon reshe zai cinye jarin tsohon, a rasa duka biyun, ma'aikata kuma su rasa abin yi.

Akwai wata hanyar faɗaɗawa kuma. Kamfani yakan ba wani izini ya buɗe reshe da kuɗinsa, ya yi amfani da sunan kamfanin, yana biyan wani kaso. Mr Bigg's, wanda kamfanin UAC ya fara a Marina, Legas, a shekarar 1986, ya bi wannan hanya ya bazu a faɗin ƙasa. Sai dai tana bukatar sa ido sosai. Idan reshe ɗaya ya yi sakaci da tsabta, sunan duka ne zai zube. Hausawa sun ce wake ɗaya shi ke ɓata gari.

Ma'anar Kalmomi
Uwar kuɗi: kuɗin da aka fara sana'a da su.
Reshe: sabon shago mai sunan na farko. Jam'insa rassa.
Karye: rasa jari.
Cefane: sayen kayan miya da na girki.

Tambayoyi
1. A wace shekara aka buɗe Tantalizers, kuma a ina?
2. Me ya sa ake auna kayan girki?
3. Kawo abubuwa uku da sabon reshe yake bukata.
4. Bayyana ma'anar karin magana biyu da suka zo a darasin.

Aiki
Ziyarci wani gidan abinci a unguwarku, ka tambayi yadda aka fara shi. Rubuta jimloli biyar da Hausa a kan abin da ka ji.