Amsoshin Tambayoyinku: Wane Takalmi Mai Ƙusa Ya Dace da Mai Tsere?

Tambaya: Ni ɗalibin sakandare ne a Kano. An zaɓe ni in yi wa makarantarmu tseren mita 400, wani lokacin kuma akan sa ni a na 800. Har yanzu da kambas nake gudu. Malamin wasanni ya ce in nemi takalmi mai ƙusa, na je Ƙofar Wambai na ga iri-iri, na rasa wanda zan ɗauka. Don Allah a ba ni shawara.

Amsa: Ka kyauta da ba ka yi saurin saye ba, domin takalman nan suna kama da juna a ido, amma kowanne da tseren da aka yi shi dominsa.

Idan ka koma kasuwa, juya takalmin ka dubi ƙasansa, sannan ka gwada lanƙwasa shi. Na masu gajeren zango, mita 100 zuwa 400, yana da faranti mai tauri da kyar yake lanƙwasuwa, ƙusoshinsa kan kai shida zuwa takwas, kuma babu wani soso a dunduniya. An yi shi ne ya tilasta maka gudu a kan gaban tafin ƙafa. Na masu dogon zango ya fi laushi, ƙusoshinsa kaɗan ne, da ɗan soso a baya. Tsakaninsu akwai na mita 800 da 1,500, kuma shi nake ba ka shawarar ka nema. Zai yi maka 400 lafiya lau, alhali mai taurin nan, in ka zagaya fili sau biyu da shi, agararka da sha-raɓarka za su gaya maka, musamman kai da ƙafarka ba ta saba ba.

Kada kuma wani ya ce maka sai takalmi mai tauri ake cin tsere. A 2022, a birnin Yujin na Amurka, Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya a tseren mita 100 na tsallake shinge da daƙiƙa 12.12, sanye da Adidas Adizero Avanti, takalmin da aka yi wa masu mita 5,000 da 10,000. Ita da bakinta ta ce ciwon tafin ƙafa ne ya sa ta nemi mai laushi.

Sai batun ƙusa, wanda yawancin yara ba sa kulawa da shi. Dokar hukumar World Athletics ta ce kada ƙusoshi su wuce 11, kada tsawonsu ya wuce milimita 9 a tseren fili, kuma daga Nuwamban 2024 kaurin ƙasan takalmin kada ya haura milimita 20. A filin roba, wanda ake ce wa tartan, ƙusa mai milimita 6 mai siffar dala ta ishe ka; wadda ta fi haka kan kafe a roba ta riƙe ka, masu kula da fili ma ba sa son ta. A ciyawa ko ƙasa mai taushi ne mai milimita 9 take da amfani. Amma in filin makarantarku irin jar ƙasar nan ce da rani ya busar ta yi tauri, ƙusa ba za ta shiga ba, tafin ƙafarka ne zai sha wahala. A nan ka ci gaba da atisaye da kambas ɗinka.

In gwanjo za ka saya, ka tafi da haƙuri. Duba farantin da kyau ko ya tsage. Nemi ɗan makullin da ake kwance ƙusa da shi, ka gwada kowane rami. Ƙusar da ta cinye ba matsala ba ce, ana canzawa, amma in ta yi tsatsa ta ƙi fita, ko ramin ya lalace tana juyawa ba ta kamawa, ajiye takalmin komai kyansa. Kada ka dogara da lambar da ke jiki, domin ta Turai daban, ta Ingila daban, ta Amurka daban. Sa shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da za ka yi tsere da ita. Ya kama ka fiye da kambas, dunduniya ba ta zamewa, amma yatsu kada su naɗe.

In ka samu, kada ka fara sa shi ranar gasa. Makonni kafin nan, bayan ka ɗumama jiki da kambas, sa shi ka yi gajerun gudu uku ko huɗu ka cire, kana ƙarawa sannu a hankali. Kada ka taka siminti da shi. Bayan kowane atisaye ka kakkaɓe ƙasar, lokaci-lokaci ka kwance ƙusoshin ka ɗan shafa musu man basilin kafin ka mayar. Ranar tsere kuma ka sake ɗaure su kafin a kira ku, makullin yana cikin jakarka. Allah ya ba da sa'a.